Waiwaye: Abin da Muka Tarar a Cikin Tsohon Inji

A Ingila da Amurka, ƙaramin injin fetur mai fistin ɗaya aikinsa aske ciyawar ƙofar gida. Tun a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera keken yankan ciyawa a Ingila, daga baya aka ɗora masa inji, har kamfanoni irin su Briggs & Stratton na Amurka suka yi suna a kan wannan sana'a. A can mutum kan tsinci tsohon inji a bola, ya kai gida, ya kwance shi ranar hutu don kawai ya ji daɗin ganin ya tashi. Mu a garinmu Beri ba mu da ciyawar da za a ƙona wa fetur. Wadda ta tsiro, tumaki da shanu sun ishe ta, abin da ya saura lauje ya ƙarasa. Amma injin kam muna da shi. Shi ke juya markaɗe a bakin kasuwa, shi ne a janaretan mai cajin waya, shi ke jan ruwa a fadama da rani. Kayan cikinsu iri ɗaya ne, abin da aka ɗaura a bakin shaf ne ya bambanta. Sai dai mu in muka kwance shi, tumatir da albasa ne ke jira.

Dattawa sun san lokacin da ban ruwa ke nufin jigo: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindi, guga a baki, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa saboda 'yan fangali kaɗan. A shekarun 1980 hukumomin bunƙasa noma na jihohin Arewa suka fara yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo a farkon shekarun 1990 ya ƙara wa abin ƙarfi. Jihar Neja na cikin jihohin da suka shiga zango na biyu na shirin, wanda aka fara a 2004. A tsakanin nan ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayar da masara ya sayi nasa: Honda GX160 mai jan murfi da farin tanki, haɗe da famfo mai bakin inci 3. Irin wannan inji, in yana da lafiya, yana zuba kusan lita 1,000 a minti ɗaya. Wanda ya taɓa jan jigo ba sai an yi masa lissafi ba.

Bayan rasuwarsa injin ya zama na kowa. Yau yana hannun yayanmu, gobe wurin ɗan kawu, jibi maƙwabci ya zo da sallama ya ɗora a babur. Ba a hana aro a gidanmu, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai kuma shekarun rashin tsaro suka shigo. A watan Mayun 2021 aka kwashe ɗaliban Islamiyya a Tegina, kuma duk mazaunin hanyar Kontagora zuwa Tegina ya san yadda zaman ya kasance a wannan tsakanin. Fadamar da ke nesa da gari aka haƙura da ita. Aka tura injin ƙuryar ɗakin ajiya, da ragowar fetur a tanki, da ruwa a cikin famfo, aka jibga masa buhunan wofi.

Tsada ce ta sa aka tuna da shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da sabon inji. Da ƙanena ya ƙudura komawa noman rani a wata fadama ta kusa, ya je Kontagora ya taya, ya dawo shiru. Aka fito da tsohon, aka ja igiya, ta ƙi motsi. Nan take aka yanke hukunci cewa ya buga. Wani ɗan jari bola da ke wucewa ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya faɗi abin da zai biya a kilo.

Akwai wani dattijon bakanike a bakin titi wanda ya fara sana'a tun zamanin Vespa. Can muka kai shi.

"Malam, wa ya ce maka ya buga?"

"Baba, kowa haka ya ce."

"A cikin kowan, wa ya buɗe ya gani?"

Shi ma ranar bai buɗe ba. Fulogi kawai ya cire, ya zuba kalanzir gauraye da ɗan baƙin mai ta ramin, ya ce mu je mu dawo. Na so in yi gardama, don na zaci za a fara kwance-kwance a gabana, amma ƙanena ya taɓa ni. Da muka koma, ya cire murfin igiya, ya sa sifana a kan notin filawil, ya riƙa lallaɓa shi gaba da baya a hankali, ba ya tilasta masa. Can sai ya saki. Ya ce tsatsa ce ta manne ringi da jikin silinda, saboda an ajiye injin bawul a buɗe, danshin damina ya yi ta shiga. Da an sa ƙarfi an murɗa tun ranar farko, da ringin sun karye sun kwarzane silinda, da hukuncin da kowa ya yanke ya zama gaskiya.

Sannan ya shimfiɗa buhu a ƙasa. Duk abin da ya cire sai ya ajiye shi a jere daga dama zuwa hagu, notina kuma a gwangwanayen madara, na kowane sashe da nasa. Yaransa biyu na tsugune, ba mai taɓa komai sai Oga ya miƙa hannu. Wannan jerin shi ne littafinsa. Ranar haɗawa daga hagu zai faro ya koma dama.

Tun daga waje labari ya fara fitowa. Wannan inji ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi: filawil na da fukafukai da ke hura iska ta tsakanin haƙarƙarin silinda. To tsakanin haƙarƙarin nan zanzaro ya gina ɗakuna na laka, reras, har cikin bakin salansa. Ɓera ya ɗanɗani wayar fulogi. Waɗannan aikin ajiya ne, ba su dame shi ba. Abin da ya sa ya ɗago ya dube mu shi ne gidan matatar iska. Ya buɗe, babu komai a ciki. Wani ya ga soson ya toshe inji na shaƙewa, ya cire ya yar, inji ya washe, aka ci gaba da aiki. Daga ranar duk ƙurar hunturu da ke tashi a fadama kai tsaye take wucewa cikin silinda, ta gauraya da mai, ta riƙa cin ringi da jikin ƙarfe.

Tanki warin tsohon fenti yake yi. Fetur in ya daɗe a ajiye, mai sauƙin cikinsa ya tashi ya bi iska, ya bar wani danƙo ja. A kwanon kafireta danƙon ya bushe, ga koren tsatsa a kan jet. Ramin jet ɗin nan da ƙyar allura za ta shiga, kuma ta nan duk man da inji zai sha ke bi. Baba ya jiƙa su a fetur, ya zaro sili ɗaya daga wayar lantarki ta tagulla, ya riƙa zura wa kowane rami yana ɗagawa sama yana leƙen haske. Ya ce kada a sa allura ko ƙusa: ƙarfe ya fi jet tauri, zai faɗaɗa ramin, inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. A cewarsa, yawancin injunan da ake kawo masa da sunan sun mutu, a nan ciwonsu yake tsayawa. Wanke kafireta, sabon fulogi, sai gida.

Namu bai tsaya nan ba. A gefen injin akwai wata siririyar waya da ke fitowa daga cikin akwatin mai. An datse ta, an naɗe bakin da leda. Baba ya riƙe ta da yatsu biyu ya daɗe bai ce komai ba.

Ga aikinta. A cikin akwatin akwai wani ɗan abu mai yawo a kan mai. In baƙin mai ya yi ƙasa, sai ya sauka ya kashe wutar fulogi, inji ya mutu kafin ya ji ciwo. Matsalar ita ce bakin rafi ba shi da daidaito. In aka ajiye inji a karkace, mai ya taru a gefe ɗaya, sai ya yi ta mutuwa ko da man bai ƙare sosai ba. Ga rana, ga tumatir na yaushi, ga mai jiran layi. Sai wani mai wayo ya zo ya datse wayar, inji ya tashi bai ƙara mutuwa ba, kowa ya ce wane ya san inji. Da ya nemi faffaɗan katako ya daidaita wurin, ko ya ƙara mai rabin kofi, da an wuce wurin.

Da aka buɗe akwatin, abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, kuma ya zama kwalta. Wannan inji ɗan fiye da rabin lita yake ɗauka, lita 0.6. Ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai. A gindin kwanrod akwai wani ɗan cokali da ke tsoma baki cikin mai a kowane juyi yana watsa shi sama. In mai ya sauka ƙasa da inda cokalin ke kaiwa, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe sau 3,600 a minti. Kwanrod ɗin na alminiyom ne, ya fara narkewa yana shafa kansa a jikin karanshaf. Baba ya ba ni na shafa da farce, na ji zane-zanen. Ya ce saura ƙiris. Da an ƙara rani ɗaya a haka, da kwanrod ya tsinke ya fasa bulok ya leƙo waje, wannan kuwa sai jari bola.

A tsugune a gaban buhun nan na gane cewa babu ko ɗaya cikin abubuwan da muka tarar da za a kira haɗari. Kowanne dabara ce da wani ya yi, kuma ta yi aiki a ranar da ya yi ta. Wanda ya yar da soso ya ga inji ya washe. Wanda ya datse waya ya gama ban ruwansa kafin magariba. Wanda ya mayar da inji ba tare da ya duba mai ba ya tabbata na gabansa ya duba. Babu mugu a cikinsu, duk 'yan'uwa ne da maƙwabta masu neman abinci. Ribar dabarar ta mai yin ta ce a take, hasararta kuma tana jiran wani da bai san hawa ba bai san sauka ba, shekaru a gaba. Wayar ce ta fi tsaya mini a rai, don ita kaɗai ce bakin da injin yake da shi na cewa akwai matsala, kuma ita aka fara rufewa. Na san ofisoshi da gidaje da ake tafiyar da su a haka, amma wannan zance ne na wata rana.

Sayen kaya ya kai mu Kontagora, ya kuma kai mu ga wata gaskiya da masu kushe kayan Sin ba sa son ji. Kamfanonin Sin, da yawansu a birnin Chongqing, sun kwafi wannan inji ƙusa da ƙusa, suna sayar da shi da lamba 168F a ƙarƙashin sunaye barkatai. Shi ya sa talaka ya iya mallakar inji, shi ya sa kuma tsohon Honda ba ya rasa kayan gyara a kowace kasuwa: gaskit, ringi, kafireta sukutum, duk suna shiga. Baba ba ya zagin kayan, rarrabe su yake. Gaskit, igiya, soson iska, tiyon mai, ya ce sayi mai araha. Kwanrod da ringi da fulogi, ya ce a nan araha ba ta ado, a nemo mafi kyau da aljihu zai iya. Da mai shago ya fito mana da sabuwar kafireta yana cewa ta fi wankin tsohuwa sauƙi, ƙanena ya kira Baba a waya, ya ce a bar masa abarsa. Karanshaf kuwa ko kusa bai yarda a canza ba. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya yanki sanfefa mai laushi siririya, ya jiƙa da mai, ya naɗa a wurin, ya sa igiya yana ja gaba da baya har alminiyom ɗin da ya manne ya fita, ƙarfen ya dawo sumul.

Haɗawa ta fi kwancewa cin lokaci. Bawuloli biyu ne, na shiga da na fita. Ya shafa wa bakin kowanne man niƙa, ya murza shi a mazauninsa tsakanin tafukan hannu har wani zobe mai launin toka ya zagaye shi ba yankewa. Ya gwada da kalanzir, ya zuba a kai ya jira, bai ɗiga ba. Ringi uku ya sa wa fistin, ya juya bakin kowanne ya kalli wani ɓangare dabam don kada su yi layi matsi ya zurare. A kan giyar karanshaf da ta kamshaf akwai ɗigo ɗaya-ɗaya, dole su haɗu baki da baki. Dalili kuwa, wannan tsari da Nikolaus Otto ya fito da shi a Jamus a 1876 bugu huɗu ne: fistin ya sauka ya shaƙi mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. In aka kuskure haƙori ɗaya, bawul zai buɗe ba a lokacinsa ba, a wuni ana jan igiya a banza.

Wurin saitin bawul ya fito da 'yan siraran ƙarafunan awo daga aljihun gaba, naɗe a tsumma. Milimita 0.15 na shiga, 0.20 na fita, inji a sanye. Na ga yara a wasu garejoji suna yi da reza ko da ido, inji kuma yakan tashi, amma ko dai ya riƙa ƙara ko bawul ya ƙone. Ya duba ɗan makullin da ke riƙe filawil a kan shaf, ya ce lafiyarsa lau. A injin yankan ciyawa wannan makulli kan sha wuya, don in wuƙar ta daki dutse sai ya tsage, wuta ta daina zuwa a kan lokaci. Namu ruwa yake sara, bai gamu da wannan ba. Gwamna kuwa, wato abin da ke hana inji wuce gudunsa, an ja masa sifirin an ɗaure da waya don ruwa ya ƙara ƙarfi. Ya kwance ya mayar yadda yake. Sai ya ɗauko wayar nan da aka datse, ya fere bakinta, ya haɗa, ya naɗe da salatif.

Ɓangaren famfo bai ba da wahala ba, in ban da sil. Wasu zobba biyu ne masu santsi da ke gugar juna a bayan fanka, ruwan da ake ja shi ke sanyaya su. In aka tayar da inji ba a ɗura wa famfo ruwa ba, cikin ɗan lokaci sun ƙone, ruwa ya riƙa tsiyaya, iska na shiga, famfo ya ƙi ja. Namu sun tsage, aka sa sababbi. Ya kuma ja wa ƙanena kunne kan zurfi: komai ƙarfin inji, irin wannan famfo ba ya ɗago ruwan da ya wuce mita 7 zuwa 8 a ƙasa da shi, don nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin mesa, kuma iyakarsa ke nan. In ruwa ya ja baya a watan Maris, a sauko da inji kusa da shi, kada a taɓa gwamna.

Ranar tayarwa aka sa mesa a cikin durom, aka ɗura ruwa, aka buɗe mai, aka ja cok. Ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da farin hayaƙin man da aka shafa wurin haɗawa. Amma muryar ba ta zauna ba, tana hawa tana sauka. Ni na ce ai ya yi. Baba ya kashe shi, ya sake cire ƙaramin jet na silo, ya busa, ya zura silin tagullarsa, ya mayar. Wannan karon ƙarar ta miƙe. Ya ce tunda an sa sababbin ringi, a juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Ƙanena ya ce ba shi da agogo a fadama. Ya ce to ya riƙa ƙirga tanki, kuma kullum kafin ya ja igiya ya buɗe murfin mai ya ga ya kawo baki. In rani ya ƙare, a rufe mai a bar inji ya shanye na kafireta ya mutu da kansa, a juye tanki, a zubar da ruwan famfo, a ɗiga cokalin baƙin mai ta ramin fulogi, sannan a ja igiya a hankali har a ji ta yi tauri a bar ta nan, don a wurin ne bawuloli biyu suke a rufe.

Yanzu rabin aikin da ake kawo masa na mayar da inji kan gas ne. Tun bayan cire tallafi manoma a Kano da Jigawa da sauran wurare suke ɗaura wa injuna tukunyar gas ta girki, abin ya iso mu. Masu hali kuma sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Baba bai ƙi ko ɗaya ba, sai dai ya ce na hasken rana in ya lalace akwatin ne a rufe, babu abin da zai jera a kan buhu.

Ba a yi mako biyu da kai injin fadama ba mai aro na farko ya iso, wani dattijon maƙwabcinmu da ya sha ɗaukarsa tun mahaifinmu na da rai. Ya zagaya shi, ya yaba fentin, ya yi wa marigayi addu'a. Sai idonsa ya sauka a kan salatif.

"Af, wa ya mayar da wannan wayar? Ai kashe inji take yi."

Ƙanena ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya shiga bukka ya fito da faffaɗan katako da gorar baƙin mai, ya ɗaure su a bayan babur tare da injin.

"Kawu, a kan wannan za a ɗora shi. In ya mutu, a ƙara masa wannan."